Idan Maigida Ya Ce "Kwana Uku Za Ka Riƙa Zuwa"

Da yawanmu a Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe da aikin hutu muke haɗa kuɗin WAEC da NECO: wani a gidan burodi, wani a gidan ruwan leda, wani a gidan mai da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, man janareta ya yi tsada, masu sana'a suka fara rage kwanakin aiki. Gwamnatocin Kwara da Edo ma sun mayar da ma'aikatansu kwana uku a mako a lokacin, amma ba su taɓa albashi ba. A shago kuwa, kwana na raguwa kuɗi na bin sa.

To, maigida na da ikon yin haka kai tsaye? Dokar Ƙwadago ta 1974 ta yi bayani. Sashe na 7 ya ce kafin ka wuce wata uku da fara aiki, a ba ka takarda mai ɗauke da albashinka da lokutan aikinka. In an canza wani abu a ciki, a sanar da kai cikin wata ɗaya. Sashe na 13 ya ce lokutan aiki da yarjejeniya ake tsayar da su.

Sashe na 17 shi ne ya fi shafar mu. Idan ka zo ranar aiki, lafiyarka ƙalau, maigida bai ba ka aiki ba, sai ya biya ka kuɗin ranar. Sai fa in wata larura ce da ta fi ƙarfinsa: nan kuɗin ranar farko kawai zai biya, kuma uzurin ba ya wuce mako ɗaya sai da izinin jami'in ƙwadago.

Amma mu san iyakarmu. Dokar ba ta ɗauki ɗan gida da ke taya mahaifinsa a matsayin ma'aikaci ba. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa a 2024 kuma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Saboda haka, ƙannenmu, ku riƙe ɗan littafi, ku rubuta ranar da kuka je da abin da aka ba ku. In an rage kwana, ku tafi da babba a yi magana cikin ladabi, don sau da yawa shi ma maigidan a matse yake. In abin ya ƙi, akwai mai unguwa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Sakkwato, akwai kuma Kotun Ma'aikata.

Kafin ku karɓi aiki a hutun nan, ku tambaya gaban shaida: kwana nawa, awa nawa, nawa ne, kuma in babu aiki yaya za a yi?