Allo ya ƙanƙance, lissafi ya ɓuya: ba sai an sayi sabon ekaran ba

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya saba da littafin lissafinsa ba ya son a sake masa shi, na takarda ne ko na kwamfuta. Shi ya sa ake iske masu shago da ma'aikatan buro riƙe da tsofaffin manhajojin lissafin kaya waɗanda aka rubuta domin Windows XP, wadda ta fito a 2001, kamfanin Microsoft kuma ya daina kula da ita a watan Afrilu na 2014.

Ran da tsohuwar na'ura ta mutu, sabuwa kuma ta ƙi karɓar manhajar, dabarar masu gyara ita ce su gina wata kwamfuta cikin cikin sabuwar. Ba ƙarfe gare ta ba, ba waya, shiri ne kawai. Tsohuwar Windows ta zauna ciki kamar baƙon da mai gida ya ba ɗaki. Sau da dama da VirtualBox ake wannan aiki, domin kyauta ce. Tana hannun kamfanin Oracle na Amurka tun 2010.

To, a nan rigima ke tasowa. Baƙon ya buɗe, amma cikin ɗan murabba'i a tsakiyar allo, ɗigo 800 bisa 600, wani lokaci ma 640 bisa 480, gefe da gefe baƙi ƙirin. Layin jimillar kuɗi ya ɓuya a dama, maɓallin «Valider» ya faɗa ƙasa inda ido ba ya kai. Magatakarda na lalube, motar kaya kuwa na jiran takarda ta kama hanyar Ɗan Isa. Mai rubuta kuɗin ruwan manoman Jiratawa, ko ma'aikacin da ke Tibiri, yana iya zaton ekaran ne ya lalace, ya ɗauko shi har Maraɗi. Asarar kuɗin mota ce kawai.

Ekaran lafiya lau yake. Baƙon ne bai san harshen na'urar hoton da aka ƙaga masa ba, sai ya koma ga mafi ƙarancin abin da ya iya. Tafinta yake bukata, kuma tafintan na tare da VirtualBox ɗin, wato «Additions invité».

Kafin komi, a kwafe bayanan lissafi a kan kile. Sannan a tada baƙon, a shiga «Périphériques» a saman taga, a zaɓi saka faifan «Additions invité». Cikin tsohuwar Windows faifai zai bayyana. A buɗe VBoxWindowsAdditions, a bi shi har ƙarshe, a yarda da gargaɗin da XP ke yi, a sake tada baƙon. Daga nan allo zai riƙa bin girman taga, Ctrl na dama tare da F kuma ya cika shi fal.

In abin ya ƙi, a kashe baƙon ɗungum, a duba «Affichage»: a ƙara ma'ajiyar hoto, wadda ke kaiwa mega 128, a kuma tabbata VBoxVGA aka zaɓa wa XP. Windows 7 kuwa VBoxSVGA ce tata.

Saura abu guda da masu gyara kan manta su faɗa wa mai shago. Allo ya buɗe, amma XP ba ta ƙara samun kariya daga masu ita ba, saboda haka a cire wa baƙon intanet a «Réseau», a bar shi da lissafinsa kaɗai.