Kalmomin Dokar Gandun Sarki a Ingila ta Dā

Bayan da Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, sarakuna sun keɓe yankuna masu faɗi domin farautarsu. Sunan irin wannan yanki shi ne forest. A shari'ar zamanin, kalmar tana nufin ƙasar da dokar farautar sarki ke hawanta, ko da akwai ƙauyuka da gonaki a cikinta.

Abu biyu dokar ke karewa: venison, wato namun farauta kamar barewa da gadu, da kuma vert, wato itatuwa da tsirran da suke fakewa a ciki. Sassabe domin noma shi ne assart. Haƙƙin kiwon aladu kuwa pannage. Yawancin kalmomin nan daga Faransancin Normandawa suka shigo Ingilishi. Takardar Yarjejeniyar Gandu ta 1217 ta mayar wa talakawa ƴantattu wasu haƙƙoƙinsu.

Darasi ga mai fassara a bayyane yake: wanda ya mai da forest "daji" ya ɓatar da ma'anar shari'a. "Gandun sarki" ya fi dacewa, domin gandu yana da mai shi.