Mai Sayar da Shawara: Ta Ina A Ke Fara Wannan Sana'a?

A hutun da ya wuce wani dattijo daga wajen Roni ya zo wurinmu tare da ɗansa wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba. Bayan gaisuwa sai ya ce yaron nan wai kwansaltan ya ke so ya zama. Ya tambaye shi abin da zai riƙa sayarwa, yaron ya ce shawara. Shi kuwa tun da ya ke bai taɓa jin an sayi shawara da kuɗi ba, gama a garinsu kyauta a ke ba da ita, har ga wanda bai nema ba. Muka yi dariya. Amma maganar ba ta wasa ba ce. An gaya wa yaron ya kawo kuɗi masu kauri domin a ba shi wata takardar shaida, uban kuwa ba shi da abin da zai sayar sai 'yar fadamarsa. Mun san akwai gidaje da yawa daga Kazaure zuwa Babura da Gwiwa da irin wannan magana ta ke jiransu, shi ya sa muka ga ya kamata mu baje ta a fili.

Da farko dai sana'ar gaskiya ce, ba damfara ba. Kwansaltan, watau mashawarci kan tafiyar da aiki, mutum ne daga waje wanda kamfani ko ma'aikata ko ƙungiya kan ɗauka na ɗan lokaci, ya duba yadda su ke aiki, ya gano inda ciwon ya ke, ya faɗi magani. Kamar likita ya ke, sai dai majinyacinsa ma'aikata ce. Dalilin da a ke kiran baƙo kuwa shi ne, na cikin gida ya saba da ɓarakar bango har ya daina ganinta, ko kuwa yana gani amma yana tsoron faɗa wa mai gida.

A Amurka sana'ar ta yi ƙarfi. Wani malamin lissafin kuɗi mai suna James McKinsey ya kafa kamfaninsa a Chicago a 1926, wani kuma, Boston Consulting Group, ya biyo baya a 1963. Dukansu biyu sun buɗe ofis a Legas, na farkon a 2010. A ƙasarmu manyanmu za su tuna da Udoji. Abin da yawancinsu ke tunawa shi ne ƙarin albashi da kekuna da rediyo da a ka saya. Amma ainihin aikin da a ka ba hukumar Jerome Udoji a 1972 shi ne ta duba yadda a ke tafiyar da aikin gwamnati, rahotonta na 1974 kuwa cike ya ke da shawarwari kan tsara aiki da auna sakamako. Aka karɓi kuɗin da hannu biyu, shawarwarin da yawa suka kwanta a cikin durowa. Duk mai son shiga wannan sana'a ya riƙe labarin nan, domin zai sha ganin irinsa.

Kada a ce abin na Legas ne kaɗai. Tun da a ka yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991, mashawarta ba su daina zirga-zirga a hanyar Dutse ba. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya yi amfani da su. Haka kuma shirye-shiryen da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsu daga 2008, kamar SPARC wanda ya yi aiki kan kasafin kuɗi da tsarin ma'aikatu, da ESSPIN wanda ya yi aiki kan makarantun firamare. Mu malamai mun ga waɗansunsu da idonmu, suna ƙirga yara da kujeru, suna tambayar yadda a ke kashe kuɗin makaranta. Waɗannan shirye-shirye sun ƙare, amma sun nuna wani abu: baƙon da ya zo daga nesa ba ya iya aiki sai da ɗan gari wanda ya ji Hausa da Fulatanci, ya san hanya, ya kuma iya rubuta rahoto. Ta wannan ƙofa matasa da dama suka shiga, suna masu tara bayanai a ƙauyuka.

Akwai babbar ƙofa, watau ta manyan kamfanoni irin su KPMG da PwC da Deloitte da waɗanda muka ambata. Su kan ɗauki sababbin masu digiri su horar da su. Amma ƙofar ƙunci gare ta. Su kan nemi sakamako mai kyau ƙwarai, waɗansu kuma da iyakar shekaru. Akwai jarrabawar lissafi da Turanci, sa'an nan a zaunar da mutum a ba shi matsala ya warware ta da baki. A misali a ce masa, buhun taki nawa manoman ƙaramar hukumar Roni za su bukata a damina ɗaya? Ba amsar a ke nema ba, gama mai tambayar ma bai san ta ba. So a ke a ga ko zai fara da yawan gidaje, ya wuce ga girman gona, ya kai ga buhu nawa kadada ke ci, ba tare da ya rikice ba. Yaron da ke Jami'ar Bayero ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, in yana da wannan buri, tun daga shekarar farko zai tashi tsaye, ba sai ya zo aji na ƙarshe ba. Muna ƙarfafa wanda ya ke da kai ya gwada. Ba a rubuta a goshin kowa cewa ɗan Gwiwa ba zai zauna a ofishin Legas ba.

Amma yawancin 'ya'yanmu ta ƙaramar ƙofa za su shiga, a nan kuma mu ke so mu daɗe.

Abin da mashawarci ke sayarwa shi ne sanin da ya tara, wanda bai tara ba kuwa ba shi da haja. Saboda haka matakin farko shi ne a ƙware a abu ɗaya. Ko lissafin kuɗi, ko aikin kwamfuta, ko sha'anin noma da sayar da amfanin gona, ko tafiyar da makaranta ko asibiti. Kazaure ba ta rasa wurin koyo ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda a ka kafa a 1991, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 2007. Ga kuma makarantar koyon kwamfuta da gwamnatin jiha ta buɗe a garin a 2001. Mai son lissafi ya bi jarrabawar ICAN ko ANAN a hankali, yana aiki yana karatu. Bayan haka ya yi shekara uku ko biyar a ƙarƙashin wani, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Wanda bai taɓa ganin yadda kaya ke ɓacewa daga sito ba, yaya zai koya wa wani tsare sito?

Mataki na biyu shi ne a fara da na kusa. Ƙasarmu cike ta ke da sana'o'in da ke zubar da kuɗi ba su sani ba: masu injin casar shinkafa, masu matsar man gyaɗa, dillalan riɗi da zoɓo, ƙungiyoyin manoman rani a bakin madatsar ruwa ta Kazaure, masu kiwon kaji, makarantu masu zaman kansu, har da asusun zumuntar mata. Bari mu yi misali. A ce wani mai inji a Babura yana samun naira 60,000 a rana. Man dizal ya ci 25,000, yaran aiki 10,000. A ransa ribarsa 25,000 ce. Amma kowace safiya ya kan zari 8,000 na cefane daga cikin gwangwani, 'yan'uwa da maƙwabta kuma su yi casa bashi ta 12,000 wadda rabinta ba za ta dawo ba. Bai ware ko kwabo domin gyara ba. Ran da injin ya tsaya sai ya sayar da akuya, ya ce kasuwa ce ta lalace. Matashin da zai zauna da shi wata guda, ya buɗe masa littafi mai shafi uku, na shiga da na fita da na bashi, ya sa shi ya yanka wa kansa albashi, ya ware na gyara, to, ya yi aikin mashawarci cikakke. Abin da na Legas ke yi wa banki ke nan, sifilin lissafin ne kawai ya fi yawa.

Na farko da na biyu mai yiwuwa a yi su kyauta, ko a karɓi kuɗin mota. Ba asara ba ce. Mai injin nan zai faɗa a kasuwa, bakinsa kuwa ya fi kowane allo da za a kafa a bakin titi. Ya kamata matashin ya rubuta kowane aiki a shafi ɗaya: yadda ya tarar, abin da ya yi, yadda ya bari. Waɗannan shafuka su ne zai nuna ran da wata ƙungiya ta zo neman ma'aikaci. In aiki ya fara zuwa, sai ya yi rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, ya karɓi lambar haraji, ya buɗe asusun banki dabam da na aljihunsa. Kowane aiki kuma a rubuta yarjejeniya tun kafin a fara: me za a yi, kwana nawa, nawa za a biya, yaushe. Zumunci da yawa ya mutu a kan "ai mun yi magana."

Sai maganar takardun shaida, wadda ita ta kawo dattijon nan. Akwai ƙungiyoyin sana'a na gaske, kamar Cibiyar Gudanarwa ta Nijeriya, NIM, wadda ta ke tun 1961, da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, wadda ita ma ta kan horar da masu ba 'yan kasuwa shawara. Shiga irinsu yana da amfani in lokaci ya yi. Amma takardar da a ke bayarwa bayan zaman kwana biyu a otal, da hula da riga da hoto, ba ta mai da kowa gwani. A ganinmu kada uba ya sayar da gona dominta. In akwai ɗan kuɗi, gara a saya wa yaron kwamfuta ta hannu ko da tsohuwa ce, ya koyi Excel har ya iya shi kamar yadda ya iya sunansa.

Akwai kuma abin da ba a koyarwa a aji. Mashawarci ya kan ga cikin mutane: bashinsu, ribarsu, wanda ke sata. In bakinsa bai da ƙulli, aikinsa na farko shi ne na ƙarshe. Wata rana kuma zai tarar ɓarnar daga ƙanen mai gida ta ke, ko daga mai gidan kansa, dole kuwa ya san yadda zai faɗa cikin ladabi, a keɓe, ba tare da ya rage gaskiya ba. Mafi wuya ita ce ranar da wani babba zai kira shi ya ce ga kwangilar bincike, amma ga abin da rahoton zai ce, ga kuma kason da zai dawo. Wannan jarraba ba ta ƙananan mutane kaɗai ba ce. A 2018 McKinsey da kansa ya mayar wa kamfanin lantarki na Afirka ta Kudu, Eskom, kusan rand biliyan 1, shugabansa ya nemi gafara a bainar jama'a. Kamfani mai ofisoshi a duniya ya iya biya ya ci gaba. Ɗan Kazaure da kowa ya san gidan ubansa, in sunansa ya ɓaci sau ɗaya, ba shi da wani garin da zai sake.

Iyaye kuma su san cewa kuɗin wannan sana'a ba kamar albashi ba ne. Wata uku ana aiki ba dare ba rana, wata biyu shiru. Shi ya sa da yawa kan riƙe koyarwa ko aikin akawu ko gona a hannu ɗaya har ƙafarsu ta kafu.

Dattijon Roni bai sayar da fadamarsa ba. Muka shawarta yaron ya fara da ƙungiyar manoman rani da uban ke ciki, wadda ta shekara da shekaru tana tara kuɗi ba littafi. Makon jiya ya aiko mana da saƙo cewa ya gama rubuta sunayen masu bashi, kuma sunan da ya fito a kan gaba na babansa ne. Yana tambaya ta yaya zai faɗa masa.