Litchfield ko Kakadu: Wanne Ya Dace da Mai Yini Ɗaya?

Daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin rani a arewacin Ostireliya, hanyoyin da suka fita daga birnin Darwin cike suke da motoci masu jan ɗakin kwana mai taya, da gado da murhu a ciki. Da yawa daga masu su 'yan fansho ne da suka gudo wa sanyin kudu. Gandun daji biyu ne ke raba musu hankali, Litchfield da Kakadu, kuma wanda ke da yini ɗaya tal dole ya zaɓa.

Litchfield shi ne ƙaramin, murabba'in kilomita kusan 1,500, an kafa shi a 1986, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Darwin. Kwalta ce ke kai mutum manyan wurarensa, abin da mai jan ɗaki ya fi damuwa da shi ke nan. Magangarun ruwansa ba sa ƙafewa, domin dutsen tudun Tabletop yana shanye ruwan damina, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Mutum zai yi iyo a Florence da safe, ya jiƙa jiki a kwarmin Buley, ya ci abincin rana a Wangi. A Tolmer kallo kawai ake yi daga sama, an hana sauka saboda jemagun da ke kogunan wurin. Namun daji kuwa ba su taka kara sun karya ba: wallabi, ƙaramin ɗan'uwan kangaru, da tsuntsaye. Abin mamakin wurin gara ce, wadda ke gina suri fale-fale mai tsawon kusan mita 2, bakinsa na duban kudu da arewa don kada ranar tsaka ta dafa cikinsa.

Kakadu ya ninka shi fiye da sau goma, murabba'in kilomita kusan 20,000. An ayyana shi a 1979, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1981. A fagen dabbobi ba a ma haɗa su. Kadoji kusan 10,000 ne a ruwayensa, ga tsuntsaye iri fiye da 280, wajen kashi ɗaya cikin uku na duk tsuntsayen ƙasar. Wanda ya shiga jirgin ruwa a fadamar Yellow Water da asuba zai ga kada kwance dab da shi. Ga kuma zanen duwatsun Ubirr, aikin kakannin mutanen Bininj masu ƙasar.

Sai dai magangararsa mafi suna, Jim Jim, 'yar wahala ce. Da damina, lokacin da take ambaliya, hanya a rufe take, sai dai a leƙa ta daga jirgin sama. Da rani, idan hanya ta buɗe, sai jif mai jan taya huɗu, a bar ɗaki a Cooinda ko Jabiru, a ƙarasa da ƙafa cikin manyan duwatsu, kuma idan rani ya yi nisa a tarar ruwan ya tsaya. Ga nisa tsakanin wuri da wuri: rabin yinin a bayan sitiyari zai ƙare.

A ganina mai yini ɗaya ya nufi Litchfield, ya bar Kakadu sai ya sami kwana uku ko huɗu. Ko a Litchfield ɗin ma ya karanta allon gargaɗi kafin ya tuɓe riga, don ana rufe Wangi ga masu iyo idan ruwa ya ƙaru, lokacin da kadoji ke iya biyo kogi su shigo.