Fernando Mamede: gwanin gudun da fargaba ta hana wa zinariya

An haifi Fernando Mamede a garin Beja na ƙasar Fotugal a shekarar 1951. Ya fara da gudun matsakaicin zango, wato mita 800 da mita 1500, kuma da shi ya wakilci ƙasarsa a wasannin Olamfik na Munik a 1972, waɗanda a cikinsu ne ɗan dambenmu Isaka Dabore ya samo wa Nijar lambar tagulla. Ya sake zuwa na Montireyal a 1976, amma duka biyun bai samo lamba ba.

Daga baya, a hannun mai horar da shi Moniz Pereira na ƙungiyar Sporting ta birnin Lisbon, ya koma dogon zango. A 1981 ya zo na uku a tseren daji na duniya a Madrid. Ranar 2 ga Yuli 1984, a birnin Istokholm, ya gudu mita 10,000 cikin minti 27 da daƙiƙa 13.81, saurin da ba a taɓa gani ba, ya ture bajintar da Henry Rono na Kenya ya kafa tun 1978. Sai a 1989 aka sami wanda ya fi shi, Arturo Barrios na Meziko.

To, kimanin wata guda bayan wannan nasara aka yi wasannin Olamfik na Los Anjeles, duk Fotugal ta zuba masa ido. Ana cikin tseren ƙarshe, sai Mamede ya fice daga fili bai ƙarasa ba. Ƙarfi bai gaza masa ba. Fargabar babban taro ce, wadda ta sha kama shi a manyan gasa. Abokin horonsa Carlos Lopes, mai shekara 37, shi ya ci gudun fanfalaki a can, ya kai wa ƙasarsu zinariyarta ta farko.

Mutanen Adar sun san wannan ciwo daga kokowa, wadda aka buɗe gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975. Sau nawa ƙato yake kada kowa a dandalin ƙauyensu, amma da ya ji ganga da ihun babban fili sai gwiwarsa ta yi sanyi?

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da ma'aikatan wasanni na gundumomin Madawa, Buza da Keita: yaranmu da suka saba hawa duwatsu da tafiyar ƙasa suna da ƙafa, saura a horar da zuciya. A riƙa shirya masu tsere tsakanin garuruwa, a gaban jama'a, tun suna ƙanana, domin ido ya saba da taro. Wanda ya faɗi kuwa kada a yi masa dariya, a ƙarfafa masa gwiwa ya sake shiga. Allah ya ba matasanmu sa'a.