Ina Ƙugiyar Haruffanmu Ta Tafi?

Malamin lakwal a Guna ya zauna ya shirya takardar karatu da Hausa a kwamfutarsa, komai tsaf. Ya kai ta Damagaram a buga. Da takardar ta fito, duk inda ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suke sai ɗan akwati fanko, wani wurin kuma alamar tambaya. Mai shago ya ce injinsa lafiya lau, kuma gaskiyarsa.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, kowane harafi da lambarsa: ƙ tana da 0199, ɗ kuma 0257. Samfurin haruffa shi ke zana wa lambar siffa. In kwamfutar mai shago ba ta da samfurin da ya san ƙ, sai ta ajiye akwati a gurbinta. Wannan da sauƙi, domin rubutun na nan. A sauya samfuri zuwa Charis SIL, Andika ko Noto, ƙugiya ta dawo.

Alamar tambaya ta fi muni. Ma'anarta an adana takardar da tsohon tsarin da aka yi don harsunan Turai, lambar ta salwanta, sai a koma kan kwafin asali.

Akwai kuma tsohuwar cuta. A da, masu buga Hausa a Najeriya sun yi dabarar ɗora haruffanmu a kan wasu alamomi. Shi ya sa har yau ake cin karo da }asa a madadin ƙasa, ko ]aya a madadin ɗaya. Maganinsa a sa kwamfuta ta nemo kowace alama ta musanya ta da harafin gaske.

Abin da na fi ƙi shi ne mai shago ya gaji ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, wai ai za a gane. Bari daban, ɓari daban, kare kuma ba ƙare ba ne. Ga ƴ, wadda ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 ta tabbatar alhali Najeriya na rubuta 'y. Ita ce aka fi rasawa a samfura.

Nan gaba, kafin malam ya hau mota daga Guna, sai ya mayar da takardar PDF, saboda PDF na tafiya da samfurin haruffanta a ciki. Ya buɗe ta a waya ya duba. A shago kuma a fara buga shafi ɗaya tak, ya karanta, sannan a saki sauran.