Neman Dashen Cesnot Na Asali A Amurka: Ina Matsalar Take?

A watan Disamba na 2023 Gidauniyar Cesnot ta Amurka ta janye goyon bayanta daga Darling 58, itacen da masana a Syracuse suka sanya wa ƙwayar halittar alkama don ya jure cutar da ke kashe cesnot na Amurka. Itatuwan sun gaza a filayen gwaji, sannan aka gano an rikita irin da wani. Wannan ya ƙara wa masu neman dashen asali ƙarfin gwiwa, waɗanda ba sa son ruwa-biyu irin Dunstan mai jinin cesnot na Sin. Niyyarsu mai kyau ce, amma da yawansu asara ke jiransu.

Dalili kuwa, cutar ta riga ta zauna a dazuzzukan gabashin ƙasar. Tun da aka ganta a gidan namun daji na Bronx a 1904, bayan ta shigo cikin dashen da aka kawo daga Asiya, ta kashe itatuwa biliyoyi daga Maine zuwa Georgia cikin kimanin shekara hamsin. Ba ta kashe saiwa. Kututture ya yi toho, tohon ya kamu, ya bushe, wani ya fito, iska da tsuntsaye suna yaɗa ƙwayoyinta. Don haka dashen da ya baro wurin raino lafiya lau, in dai tsantsar asali ne, da wuya ya girma a tsaunukan Appalachia bai kamu ba. Nisa ma bai ceci kurmin West Salem da ke Wisconsin ba, domin cutar ta riske shi a 1987. Abin da ya rage shi ne yammacin ƙasar, irin su Oregon da Washington, inda doka ta taƙaita shigo da dashe daga gabas.

Masu kishin asali suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: ko itacen zai mutu, yana iya yin 'ya'ya tukuna, irin ya ɗore ga masu bincike. Gaskiya ne, sai dai adana iri daban, farfaɗo da daji daban.

Mai son amfanin gona a gabas ya sayi ruwa-biyu ko na Sin. Mai son asali ya dasa da sanin cewa cutar na tafe, ya nemi iri daga itatuwan da suka jure ta, kada kuma ya kai dashen gabas yamma, domin ta hanyar dashe annobar ta shigo tun farko.